Wace ce ke kiran mijina "Dear"?

Anti, assalamu alaikum. Don Allah ki sakaya sunana da na garinmu. Shekarata 26, shekara 6 da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana yana aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke harkar lafiya a karkara. Ran nan ya shiga wanka ya bar wayarsa a kan gado, sai saƙo ya shigo. Ban saba taɓa masa waya ba, amma ranar zuciya ta ci ƙarfina. Na ga wasiƙar imel daga wata Baturiya, shugabarsu ce, ta fara da "Dear" sannan ta ambaci sunansa gatsal, ko Malam babu. Na duba baya, na ga kusan kullum haka take rubuto masa, shi ma haka yake mayar mata. Turancina na sakandare ne, bai yi ƙwari ba, sai na kwafi kalmar na sa a manhajar fassara, ta ba ni "masoyi". Anti, sai da na nemi wuri na zauna. Na shiga WhatsApp ɗinsa, nan ma na tarar wata abokiyar aikinsa, 'yar ƙasar nan, ta turo masa da ƙarfe 11 na dare: "Have you eaten, dear?" Bai ba ta amsa ba sai da safe, ya ce mata rahoton da take jira ya kammala.

Da ya fito na tare shi da maganar Baturiyar. Maimakon ya yi mini bayani sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya kira ƙanensa a waya ya ba shi labari a gabana, ya ce da na tsaya na yi karatu da ban kunyata kaina ba. Washegari na kwashi yara na tafi gidanmu. Yau kwana 9. Ya zo biko sau ɗaya na ƙi fitowa. Inna ta ce in koma, Baba kuwa har yanzu bai san dalili ba. Ƙawata ta ce in nemo lambar matan nan biyu in wanke su tas. Ki faɗa mini gaskiya, me kalmar nan take nufi, kuma yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun da gaskiya kika nema, ga ta ba tare da kwana-kwana ba: a kan Baturiyar nan, yajinki na banza ne. Amma kada ki yi saurin ajiye wayar cikin fushi, domin ba a nan maganar ta ƙare ba, kuma akwai wurin da ke ce mai gaskiya, zan zo kansa.

Ɗauki wayarki ke kanki, ki shiga wurin saƙonni, ki nemo na ƙarshe da banki ko kamfanin layinki ya turo miki. Da me ya fara? "Dear Customer." Haka suke kiranki dare da rana, har ranar da suke sanar da ke cewa katinki ya ƙare. Kuma tun da kin yi sakandare, ki tuna darasin rubuta wasiƙa da aka yi ta nanata muku saboda jarrabawar WAEC: wasiƙar neman aiki ko ta ƙorafi ana buɗe ta da "Dear Sir" ko "Dear Madam", a rufe da "Yours faithfully". Na shekara fiye da ashirin ina koyar da wannan darasi a makarantar 'yan mata. Ban manta wata ɗalibata ba, yarinya mai kunya ƙwarai, da na ba su aikin rubuta wa shugaban makaranta wasiƙar neman izini. Ta rubuta komai daidai, amma wurin gaisuwa ta bar shi fayau. Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, ta ce ita dai ba za ta iya ce wa sa'an babanta haka ba. Ajin ya ɗauki dariya, ni kuwa ban yi ba, don na gane ni ce ban yi bayani ba. Na koya musu inda ake sa kalmar, ban koya musu cewa a wannan wurin ba ta ɗauke da komai ba.

Haka abin yake. "Dear" ɗin da ke kan wasiƙa sallama ce kawai, kamar yadda mu muke rubuta "Zuwa ga" ko "Bayan gaisuwa mai yawa". Fiye da shekara 500 ke nan Turawan Ingila suna buɗe wasiƙunsu da ita, har ta sule kamar tsohon kwabo, hoton da ke jikinta ya goge. Takardar kora daga aiki da ita take farawa. Lauyan da ke barazanar maka mutum a kotu kan bashi da ita yake farawa. A Amurka, tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wasiƙar da budurwa ko matar soja ke aika masa fagen daga ta ce ta sami wani, ana kiranta "Dear John letter". Wato ko wasiƙar rabuwa ma da wannan kalmar ake buɗe ta. A wurinsu wanda ya tsallake ta ya faɗa kai tsaye cikin magana shi ne ake ganin bai da ladabi, kamar wanda ya faɗo gida ba sallama.

Ina zaton abin da ya fi sosa miki rai ma ba kalmar ba ce, sunan ne. Ke da kike zaune da shi shekara 6 ba ki taɓa kama sunansa ba, sai dai Baban wance ko Malam, ga wata can ta kira shi gatsal kamar ita ta raɗa masa. Na san zafin wannan. Sai dai a wuraren aikin Turawan yau haka ake yi, ƙaramin ma'aikaci yana kiran shugabansa da sunan yanka, ba Hajiya ba ranki ya daɗe, kuma ba wanda ke jin an raina shi. Ai kin ce shi ma haka yake mayar mata. Al'adar ofis ce, ba kusanci ba.

To me ya sa manhajar ta ce miki "masoyi"? Domin kin ba ta kalma ɗaya tilo, ita kuwa ta zaɓo ma'ana ɗaya cikin da yawa ta miƙo miki. Ba ƙarya ta yi ba, rabin gaskiya ta faɗa. Asalin kalmar a tsohon Ingilishi na fiye da shekara dubu da suka wuce shi ne abu mai daraja, abin da ake ji da shi. Daga nan ta yi rassa. Mutumin da kike ji da shi "dear" ne, kuma daga nan aka samo "darling". Kayan da kuɗinsu ya yi yawa ma "dear" ne, wato masu tsada. Daga wannan reshen aka sami "dearth", ƙarancin abinci, lokacin da hatsi ya yi wuya ya yi tsada. A Indiya har gobe ƙarin kuɗin da gwamnati ke ba ma'aikata saboda tsadar rayuwa sunansa "dearness allowance". Da matar wani ma'aikaci a can za ta sa wannan a manhaja irin taki, da ta ce ana biyan mijinta alawus na soyayya.

Ni kaina wannan ma'anar ta tsada ta taɓa ba ni kunya, da digirina da komai. An tura mu wani kwas na 'yan watanni a Leeds, a arewacin Ingila. Ina tsaye a wani shago ina juya tumatir guda shida da aka ɗaure a roba, ina lissafin kuɗinsu a naira, cikina yana ƙugi don takaici. Sai wata tsohuwa da ke kusa da ni, da 'yar jakarta mai taya, ta leƙo ta ce, "Bit dear, aren't they?" Na tsaya ina kallonta ina murmushin da ba na komai ba, a raina ina cewa me ya haɗa tumatir da ƙauna. Sai da ta nuna mini takardar farashi ta girgiza kai sannan na gane kukan tsada take taya ni. A makon nan kuma direban bas, ƙato mai gemu, ya miƙo mini canji ya ce, "There you go, love." Na haɗe rai, na gyara mayafi, na koma can baya na zauna ina ta istigfari. Tasha ta gaba wani dattijo ya shigo da sanda, sai na ji direban ya ce masa "love" shi ma. A wannan yankin haka suke kiran kowa, mace da namiji. Mutanen Newcastle "pet" suke cewa, na wajen Nottingham kuma "duck", wato agwagwa. Da a ce ina da ƙawa irin taki a kusa, da ta ce in je in wanke direban.

Ba Ingilishi kaɗai ke haɗa so da tsada a kalma ɗaya ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi makarantar Faransanci sun san "cher": da ita ake kukan farashi a kasuwa, da ita ake buɗe wasiƙa, daga gare ta kuma aka samo "chérie" ta masoya. Wanda ya je aikin Hajji ya yi ciniki a kasuwannin Makka ya san "gali", tsada, kuma da ita Balarabe ke kiran wanda yake ji da shi. Ai kin ji alhazai suna dawowa da labarin yadda mai shago ke ce wa ƙaton namiji "ya habibi" don ya sayi darduma.

Mu ma bakinmu cike yake da irin wannan, sabo ne ya hana mu gani. Kalmar "maigida" fa? Ke kina faɗinta kina nufin mijinki. Yaron shago yana faɗinta yana nufin wanda ke biyansa. Mai tallan fura za ta tare mijinki a tasha ta ce "maigida, a dama ta nawa?", ba ki taɓa jin kishi ba. Kakar yaranki tana ɗaga ɗanki ta ce "ga mijina, yau ina cefanena?", kowa ya yi dariya. To ki ɗauka wani Bature mai koyon Hausa ya ji wannan, ya buɗe ƙamus ya duba "miji". Me zai tafi yana faɗa a kanmu? Ko "sannu": da ita ake gaida mai aiki, da ita ake jajanta wa wanda ya yi tuntuɓe, da ita kuma ake yi wa mutum gatse, "sannu, gwana!" Harafi ɗaya bai canza ba, amma ke da jin muryar kin san wadda ake nufi. Abin da kike yi da Hausa ba tare da tunani ba, shi mijinki yake yi da Turanci.

Har rashin mutunci ana yi da "dear". A ranar 27 ga Afrilu 2011, ana muhawara a majalisar dokokin Birtaniya, Firayim Minista David Cameron ya juya ya ce wa wata 'yar majalisa ta jam'iyyar Labour, Angela Eagle, "Calm down, dear." Aka yi ta cece-kuce a jaridu, ba don ana zargin yana sonta ba, sai don an ga raini ne, kamar namiji ya ce wa babbar mace "yi shiru, yarinya" a bainar jama'a. Akwai kuma "Oh dear!", wanda ba kiran kowa ba ne, shi ne "kash" ko "ash-sha" ɗinsu idan shayi ya zube ko an ji labari marar daɗi. Idan kin ci karo da shi a wayar, kada ki nemi wadda ake kira.

Yanzu ga abin da za ki riƙe. Kalmar tana zama ta soyayya, ba na musu, amma mazauninta da abokan tafiyarta ne ke tona ta. Idan tana can sama, a layin farko, da babban harafi, suna na biye da ita, sannan waƙafi, sannan maganar aiki, wannan sallama ce. Ki gangara ƙasa ki ga yadda aka rufe, domin a nan ne zafin wasiƙar Bature ko sanyinta yake. "Kind regards", "Best wishes", "Yours sincerely", duk rufin ofis ne. Idan ta fara sauya kama ta koma "dearest" ko "my darling", ko aka rufe da "love" ko "miss you" tsakanin mace da namijin da ba dangi ba, to wannan wata magana ce. A abin da kika ba ni labari ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Saura ta WhatsApp, wadda abin mamaki ba ita kika tare shi da ita ba, alhali ita ce ta fi cancantar tambaya. A nan kalmar ba a sama take ba, a ƙarshen jimla take, inda ake sa sunan kira. Sai dai a Turancinmu na Najeriya "dear" ta yi araha fiye da ko'ina. Mai sayar da atamfa a intanet tana ce wa kowace mai tambayar farashi "dear". Ma'aikaciyar jinya tana ce wa majinyaci. Mata da yawa, musamman waɗanda suka tashi a kudu, "my dear" a bakinsu kamar "'yar uwa" ce ko "bawan Allah", har wanda suke faɗa da shi suna ce masa haka. Wasu samari kuma da ita suke buɗe farauta a akwatin saƙon matan da ba su sani ba, shi ya sa kunnenmu ya ɗauke ta da zargi. Don haka kalmar ita kaɗai ba ta kama matar nan da laifi ba.

Abin da ya sa na ɗan ɗaga gira shi ne sauran: ƙarfe 11 na dare, da tambayar ko ya ci abinci. Ke ma kin sani, a ƙasar nan tambayar "ka ci abinci?" ba ta yunwa ba ce kawai, kulawa ce, kuma sau da yawa da ita ake fara shimfiɗa. Yana yiwuwa sun yini suna fama da rahoto ɗaya, ta san bai tashi daga kan kwamfuta ba, ta tambaya da zuciya ɗaya. Yana yiwuwa kuma tana gwada zurfin ruwa ne. Daga nan inda nake ba zan iya shiga zuciyarta ba, ke ma haka. Amma dubi abin da mijinki ya yi, wanda ke da kanki kika rubuto mini: bai amsa da daren ba, da ya amsa da safe kuma bai ce ya ci ko bai ci ba, rahoto ya ambata. Namijin da ke jin daɗin irin wannan saƙo ba ya barinsa ya kwana. Idan ma ƙofa aka ƙwanƙwasa, bai buɗe ba. Kin riƙe shaidar da ke wanke shi a hannunki, fushi ya hana ki karanta ta.

Duk da haka kina da damar ki ce masa ba ki son mace tana tambayar cikinsa da tsakar dare. Wannan ba jahilci ba ne, ba kuma sai kin iya Turanci ba. Shi ya san yadda zai ja layi ba tare da ya ɓata wurin aikinsa ba, ko da ta hanyar ci gaba da abin da ya riga ya fara ne, wato amsa maganar aiki a lokacin aiki.

Inda nake bayanki kuwa shi ne dariyar. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na yi imani da a ce ya zaunar da ke ya ce "zo ki gani, haka ake rubutawa", ya nuna miki wasiƙar wani namiji abokin aikinsa da ta fara da kalmar nan, da ko ƙofar gida ba ki taka ba. Minti biyu ya ishe shi. Abin da ya fitar da ke shi ne ya mayar da ke abin dariya, ya gayyato ƙanensa, ya kuma yi miki gori da karatu. Idan wannan shafi ya isa gare shi, to Malam, da kai nake. Matar da ta ga abin da ta zaci soyayya ce tsakaninka da wata ta rikice, sonka ne ya rikita ta. Ka san iya karatunta ranar da ka kai sadaki, kuma shekara 6 da ta yi tana renon 'ya'yanka su ne shekarun da sa'o'inta suka yi a jami'a. Turancin da kake taƙama da shi wani ne ya zauna ya koya maka, kuma na rantse akwai ranar da kai ma ka yi kwaɓa a gaban Turawan nan suka kau da kai kamar ba su ji ba. Ƙanenka kuma da ka sa a ciki, da wane ido kake so ya riƙa kallon matar yayansa? A Suratul Hujurat, aya ta 11 ta hana izgili, ta 12 ta hana yawan zato da binciken sirrin juna. Suna jere, ɗaya na bin ɗaya. Kai ka taka ta farko, ita ta taka ta biyu, kuma kai ne babba.

Na dawo gare ki, ƙanwata. Shawarar ƙawarki ki bar ta inda kika same ta. Ki kira Baturiyar ki ce mata me, da wane harshe? Abin da zai biyo baya shi ne ta kai maganar ofis, a kira mijinki a tambaye shi yadda aka yi wasiƙun aiki suka fita daga wayarsa. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa wasa da sirrin takardunsu, ballantana masu harkar lafiya. Kina iya raba shi da abincinsa, naki da na yaranki, a kan gaisuwar wasiƙa kawai. Ta biyun kuma, idan da zuciya ɗaya ta rubuta kin yi wa baiwar Allah ƙazafi, idan da manufa ta rubuta kin sanar da ita cewa gidanku ya tsage, kin nuna mata inda za ta sa ƙafa. Ƙawar da ke zuga ki, gidan mijinta take kwana yau.

Kwana 9 ya isa. Maganar tana hannun Inna yanzu, kuma gara ta mutu a nan. Idan ta kai kunnen Baba ta zama shari'a, a tara manya, a ce a faɗi laifi, ke kuma ki buɗe baki ki ce wata ta rubuta masa "Dear". Ranar za ki ji dariyar da ta fi ta farko ciwo, kuma laifinsa na gaskiya zai ɓace a cikinta. Ki sa Inna ta aika masa ya zo. Idan ya zo ki fito, ki gaishe shi yadda kika saba, ku keɓe. Ki fara da naki, domin wanda ya fara ajiye sandarsa shi ke da bakin magana. Ki ce masa: "Na yi kuskure da na buɗe maka waya, kuma na gane na fahimci wasiƙar nan a baibai. Ka yafe mini. Amma abin da ya fitar da ni ba ita ba ce. Ka yi mini dariya a gaban ƙanenka, ka yi mini gorin karatu, wannan ya yi mini ciwon da har yanzu ban warke ba." Ki yi shiru daga nan, ki bar shi ya yi magana, ko da shirun ya yi tsawo. Kada ki cika shi da kuka ko tone-tonen abin da ya wuce shekara uku. Maganar mai tambayar abinci kuma kada ki haɗa ta da wannan zaman. Ki bari sai kin koma, an kwana biyu, rai ya yi sanyi, sannan ki kawo ta a matsayin roƙo, ba tuhuma ba.

Gorin da ya yi miki kuwa, ni da ke ce da na karɓe shi na mayar da shi bashi a kansa. Tun da ya ce da kin yi karatu, to ga ki, ya mayar da ke. Shekara 26 ba komai ba ce, na koyar da matan da suka dawo aji da goyo a baya, wasu da jikoki. Akwai makarantun matan aure, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ake karatu daga gida. Ki sa wannan cikin abin da za ku tattauna, a gaban Inna ma idan ya yiwu, don ya zama alkawari mai shaida. Ba don ki riƙa gadin wayarsa da ƙamus a hannu ba. Don ranar da ɗanki zai kawo miki takarda daga makaranta ki karanta da kanki, ki sa hannu.

Kafin nan, idan har yanzu zuciyarki tana ɗar-ɗar, ki roƙe shi ya buɗe wasiƙu biyu ko uku na Baturiyar, waɗanda ba su ƙunshi sirrin aiki ba, ya karanta miki layi-layi yana fassarawa. Ki sa ido a kan layin ƙarshe, wanda ke saman sunanta. Ki ce kuma ya nuna miki ɗaya da namiji ya rubuto masa. Manhajar fassara kuwa, daga yau ki riƙa ba ta jimla sukutum, kada ki sake tsinko mata kalma ɗaya. Ki rubuto mini bayan kin koma, ina son jin abin da ya ce game da makarantar.